Yarana sun daina aikin gida sai an biya su: in ƙara kuɗin ko in soke tsarin?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai 'ya'ya uku: namiji ɗan shekara 13, mace 'yar shekara 10, da auta ɗan shekara 7. Watanni shida da suka wuce na gaji da yawan magana a kan aikin gida, sai na rubuta takarda na manna a bango, na yanka wa kowane aiki kuɗinsa: shara, wanke-wanke, gyaran ɗaki, aike, har da tsince takardu a tsakar gida, wanda nake biya a kan kowane guda. Na kuma sa tara ga duk wanda ya dawo gida bayan lokacin da na ƙayyade. Da farko abin ya yi kyau ƙwarai. Yanzu kuwa al'amari ya juya. Kwanan baya na ce babban ya miƙo mini ruwa, ya tambaye ni nawa ne, wai babu wannan a takarda. Shi ne kuma ya kawo mini tarar mako guda tun bai makara ba. Ta tsakiyar tana karɓar aiki a hannuna ta ba autan, ta biya shi rabi ta riƙe rabi. Autan kuma na kama shi yana yayyaga takarda yana watsawa domin ya tsinta. Na dakatar da biya na mako biyu, aiki ya tsaya cak. Maiɗakina ta ce ni na ɓata su, in yage takardar yau a koma ga tsawa kamar da. Ni kuwa ina ganin kuɗin ne ya yi kaɗan, tarar ma haka. Wane ne ya fi gaskiya a cikinmu?

Uban yara uku

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ba zan ɓoye maka ba, da na zo wurin autan sai da na yi dariya. Ka kwantar da hankalinka, domin ban ga alamar lalacewa a yaran nan ba. Abin da na gani shi ne yara uku da suka karanta takardar bangon nan da kyau, suka fahimce ta fiye da wanda ya rubuta ta, kuma kowane abu da suka yi maka manya sun taɓa yin irinsa har masana tattalin arziki suka rubuta a kansa. A taƙaice, kada ka ƙara kuɗin, kada ka ƙara tarar. Uwargida ta gano cutar daidai, sai dai maganin da ta kawo, wato yage takardar dare ɗaya a yi shiru, ba zai mayar da gidan yadda yake a da ba.

Zan fara da babban ɗanka da tararsa, domin nan ne zuciyar maganar. A shekarar 1998 wasu masana biyu, Uri Gneezy da Aldo Rustichini, suka bibiyi gidajen renon yara guda 10 a birnin Haifa da ke ƙasar Isra'ila na tsawon mako 20. Matsalar waɗannan gidaje ita ce wasu iyaye ba sa zuwa ɗaukar 'ya'yansu a kan lokaci, sai malama ta zauna tana jira bayan an tashi. Bayan mako huɗu ana ƙirga masu makara, sai aka sa tara a guda shida daga cikin gidajen: shekel 10, wato kuɗin ƙasar Isra'ila, ga duk wanda ya makara da minti 10 ko fiye. Kowa zai zaci makara za ta ragu, amma ƙaruwa ta yi har ta kusan ninkawa. Da aka cire tarar a mako na 17 kuma, adadin masu makara bai sauko ba, ya tsaya a inda tarar ta kai shi. Sun buga sakamakon a shekarar 2000, suka sa masa take mai nufin cewa tara farashi ce.

Ka duba abin da ya faru a zuciyar uba guda daga cikin waɗancan iyaye. Kafin tara, idan ya makara, abin da ke jiransa shi ne fuskar malamar da ya tsare, da kunyar ba ta haƙuri, da rashin sanin iyakar abin da zai biyo baya idan ya maimaita. Da aka manna sanarwa, duk wannan ya tattaru ya zama shekel 10. Ya san mafi munin abin da zai same shi, ya ga bai taka kara ya karya ba, ya kuma daina ganin kansa a matsayin mai laifi, ya koma ganin kansa a matsayin mai sayen ƙarin lokaci, wanda ba a ba kowa haƙuri a kansa. Ɗanka ya yi wannan lissafin ba tare da an koya masa ba. A da bai san iyakar ɓacin ranka ba, yana kuma tuna mahaifiyarsa tana leƙen ƙofa. Kai da hannunka ka gaya masa cewa sa'a guda a waje kuɗinta kaza ne, ya duba aljihunsa ya ga ciniki ya faɗa, har ya biya na mako guda a dunƙule kamar yadda duk mai saye da ya samu araha yake yi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kana iya cewa ai tarar Haifa ƙarama ce, da an ninka ta sau goma da makara ta ragu. Ina ganin haka ne, kuma ba na cikin masu cewa kuɗi ba ya gyara hali. A shekarar 2002 ƙasar Ailan ta sa harajin santi 15 na kuɗin Yuro a kan kowace ledar sayayya, amfani da leda ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin 100. Amma ka lura, tsakanin mai saye da ledar kanti babu wata alaƙa ta kunya ko ƙauna da harajin zai rusa, ya sauka ne a fili fetal. Taka tarar kuwa ta sauka a kan abin da yake tsaye tun da, ta ture shi ta zauna a wurinsa. Idan ka ninka ta, wataƙila yaron ya riƙa dawowa a kan lokaci muddin ba shi da kuɗi, amma ka tabbatar masa ke nan cewa maganar ta kuɗi ce, kuma ranar da ya fara samun nasa, wadda ba ta da nisa ga ɗan shekara 13, ba ka da sauran abin riƙe shi.

Batun autan ya fi sauƙi, kuma tsohon labari ne. A shekarar 1902 hukumomin mulkin mallakar Faransa a birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam suka rasa yadda za su yi da ɓeraye da suka cika magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa, ga kuma tsoron annoba, sai suka sa lada a kan kowace wutsiyar ɓera da aka kawo. Wutsiyoyi suka yi ta zuwa dubu-dubu. Daga baya aka fara ganin ɓeraye marasa wutsiya suna yawo a gari, domin masu kamun sun gane cewa ɓeran da aka yanke wa wutsiya aka saki zai haifi wasu masu wutsiya, har aka tarar da masu kiwon ɓeraye a bayan gari. Hukuma raguwar ɓeraye take so, amma wutsiya ta saya, sai aka kawo mata wutsiya. Kai ma tsabtar tsakar gida kake so, amma takarda ka ce za ka saya, yaro ɗan shekara 7 ya buɗe maka masana'antarta. Ba na ganin ya cancanci duka ko dogon faɗa. Ka gaya masa sau ɗaya cewa abin da ya yi yaudara ce, sannan ka gyara ma'aunin, domin duk wanda ake biya a kan ƙirga zai nemi hanyar ƙara abin ƙirgawa, yaro ne ko babba.

Yanzu ga maganar kofin ruwa, wadda na san ita ta fi yi maka ciwo. A shekarar 1937 wani matashin masani ɗan Birtaniya, Ronald Coase, ya yi wata tambaya da ta yi kama da ta wauta: idan kasuwa ta iya tsara komai ta hanyar farashi, me ya sa ake da kamfanoni? Me ya sa mai masana'anta ba ya fita kowace safiya ya yi cinikin kowane ƙaramin aiki da wanda ya fi araha, sai ya ɗauki ma'aikata a kan albashi yana ba su umarni? Amsarsa ita ce ciniki kansa yana da tsada. Neman farashi, da taya da sallamawa, da rubuta sharuɗɗa, da duba ko an cika su, duk suna cin lokaci da ƙarfi, kuma akwai wuraren da wannan ɗawainiya ta fi ribar da za a samu. Wannan tunani yana cikin abubuwan da suka sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 1991. To, idan kamfanin da aka kafa domin neman riba tsantsa bai yarda ya yanka wa kowane motsi farashi a cikin ofishinsa ba, ina ga gida, inda ayyukan rana guda ba su ƙirguwa, yawancinsu ƙanana ne, kuma ba a san da zuwansu sai sun zo? Wa zai rubuta farashin rufe taga idan hadari ya taso, ko na riƙe hannun ƙani a bakin titi, ko na zama kusa da mara lafiya? Ba za ka taɓa rubuta takardar da ta ƙunshi komai ba, kuma da zarar akwai takarda, duk abin da ba ya cikinta ya zama abin tattaunawa. Da yaron ya ce babu ruwa a takarda, gaskiya ya faɗa bisa dokar da ka kafa. Ka shiga tsarin ne don ka huta da yawan magana, ga shi yanzu kowace buƙata sai an yi zaman ciniki, wato garin neman ƙiba an samo rama.

Akwai kuma wani abu da takardar ta faɗa wanda ba ka yi niyyar faɗa ba, kuma ina zaton shi ne ya fi ɓata wa uwargida rai ko da ba ta furta ba. Wani masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, Arthur Pigou, ya taɓa nuna, a littafinsa na shekarar 1920, cewa idan mutum ya auri matar da yake biya tana kula masa da gida, lissafin kuɗin shigar ƙasa zai ragu, alhali aikin da ake yi bai ragu da ƙwayar zarra ba. Yana nuna gurguncin ma'aunin da ba ya ganin aiki sai an biya shi. Yaranka sun ga an yanka wa wanke-wanke kuɗi, sun kuma ga mahaifiyarsu tana yin ninkinsa kullum ba a ba ta ko sisi. Ɗaya daga cikin biyu za su ɗauka: ko dai aikinta ba shi da daraja, ko kuma su baƙi ne 'yan ƙwadago a gidan da ita ce mai shi. Babu mai kyau a ciki.

Me ya sa, to, na ce kada a yage takardar a yi shiru? Saboda abin da ya faru bayan mako na 17 a Haifa, wanda kai ma ka ɗanɗana a makonni biyun da ka dakatar da biya. Cire farashi ba ya dawo da kunyar da ya kora. A idon yaro aikin yana nan a matsayin haja, farashinta ne kawai ya faɗi zuwa babu, kuma babu mai hankalin da zai sayar a haka. Masana halayyar ɗan'adam sun ga makamancin wannan a shekarar 1973 a makarantar ƙananan yara ta Jami'ar Stanford da ke Amurka, inda Mark Lepper da abokan aikinsa suka zaɓi yara masu son zane da alƙaluman launi, suka yi wa wasunsu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane. Da aka dawo bayan mako ɗaya zuwa biyu babu alkawarin komai, waɗanda aka yi wa alkawari a baya sun ɓata kusan rabin lokacin da sauran suka ɓata a kan zane. Abin lura a nan shi ne yaran da aka ba takardar yabon ba zato, bayan sun gama, sha'awarsu ba ta ragu ba. Ashe illar tana cikin sharaɗin da aka gindaya tun farko, wato yi kaza in ba ka kaza, kuma wannan ya bar maka ƙofar tukuici a buɗe, irin wanda ke zuwa jefi-jefi ba tare da an yi alkawarinsa ba.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka fara daidaitawa da uwargida ku biyu kaɗai, domin idan yaran suka hango saɓani a tsakaninku, za su yi abin da kowane mai saye ke yi idan ya ga masu sayarwa biyu, wato ya nufi mai sauƙi. Sannan ku tara su, ka faɗa da bakinka cewa kuskuren naka ne, kai ka sa farashi a kan abin da ba na sayarwa ba. Na san wannan yana da nauyi ga uba, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ba tare da wannan furucin ba za su ɗauki sauyin a matsayin mai gida ya karya yarjejeniya don ya ga tana cin aljihunsa. Idan akwai wanda yake bin ka bashin aikin da ya riga ya yi, ka biya shi cif a wurin. Duk tsarin da za ka kafa gobe ya dogara ne a kan yardarsu cewa maganarka ba ta tashi.

Bayan haka ka raba abubuwan da takardar ta cakuɗa. Aikin yau da kullum, irin wanda ake yi saboda ana kwana ana tashi a gidan, ba a biyan kowa a kansa, kamar yadda ba a karɓar kuɗin ɗaki a hannun kowa. A maimakon lissafa ayyuka ɗaya-ɗaya, ka damƙa wa kowane yaro wani sashe ya zama nasa: tsakar gida ta autan ce, abin da ake dubawa da yamma shi ne ko tana da tsabta, ba a tambayar takarda nawa ya tsinta. Da wannan kaɗai ribarsa ta juya, domin yanzu duk takardar da ta faɗi ƙasa aikinsa ta ƙara, kuma za ka ga shi ne zai riƙa hana yayyensa zubarwa. Kuɗin kashewa kuwa ka ci gaba da ba su, ƙayyadadde, a rana sananniya, gwargwadon shekarun kowa, ba tare da an ɗaura shi a kan shara ko wanke-wanke ba. Amfaninsa shi ne su koyi jira da tari da zaɓi tsakanin abu biyu da ba za su iya saye tare ba, kuma wannan darasi ne mai zaman kansa da bai kamata ya tafi tare da takardar ba. Idan kuma wani aiki ya taso wanda da ma bare za ka kira ka biya, kamar fentin katanga ko kwashe tarkacen da ya shekara a ɗakin ajiya, babu laifi ka ba babban kwangilarsa, ku yi ciniki a fili, ka biya a kan kammalawa. A nan kasuwa tana wurinta, kuma yaro yana iya cewa albarka ba tare da ya yi rashin kunya ba.

Game da 'yarka, ina roƙonka kada ka kashe mata wannan basira, domin yarinyar da ta gano dillanci da kanta tana da shekara 10 abin a sa mata ido ce da kyakkyawar niyya. Musayar aiki a tsakanin 'yan'uwa ba aibu ba ce. Tun shekarar 1817 wani masanin tattalin arziki mai suna David Ricardo ya bayyana cewa ɓangarori biyu suna iya cin riba idan kowanne ya riƙe abin da ya fi masa sauƙi suka yi musaya, ko da ɗayan ya fi ɗayan iya komai. Idan ita ta fi son wanke-wanke, wan nata ya fi son aike, su yi canji, gidan ne ya ci riba. Inda ta kauce shi ne ribarta ta fito ne daga rashin sanin ƙaninta, wanda da ya san ainihin kuɗin da kake biya da ya zo wurinka kai tsaye. Sharaɗin da za ka sa mata guda ɗaya ne: duk musayar da za a yi, aiki da aiki ce, kuma a gaban kowa za a yi ta.

Saura makara. Wanda ya dawo a makare, a rage masa lokacin fita na washegari daidai da abin da ya ƙara. Mai kaifin hankali zai ce ai wannan ma farashi ne, kuma ban musa ba. Bambancinsa shi ne ana biyansa da abin da yaron yake nema ɗin kansa, ba ya taruwa a aljihu, ba a rantarsa wurin aboki, ba a kuma biyansa tun kafin a yi laifin. Amma kada ka dogara da shi kaɗai. Abin da ya riƙe iyayen Haifa kafin tara shi ne ganin mutumin da makararsu take wahalarwa, saboda haka ka bar mahaifiyarsa ta gaya masa da bakinta, cikin natsuwa, abin da take ji a duk mintin da ya wuce ba ta ji motsinsa a ƙofa ba. Ɗan shekara 13 yana iya ɗaukar wannan, ko da ya nuna kamar bai ji ba.

Ka shirya wa makonni masu wuya, watakila wata biyu, domin sabon wata shida ba ya fita a kwana bakwai. Za su gwada ka da yajin aiki kamar yadda suka yi a baya, kuma mafi munin abin da za ka yi shi ne ka jure mako biyu sannan ka dawo da biya a na uku, domin ka koya musu ke nan cewa yaji yana biya, ka kuma faɗa musu tsawon kwanakin da ake buƙata kafin ka sallama. Idan sashen wani ya zauna da datti, kada uwargida ta gaji ta gyara masa, a bar shi ya tarar da abinsa, fita wasa kuma sai bayan ya gama. Tarar mako gudan nan da babban ya kawo maka kuwa, idan tana hannunka har yanzu, ka ƙirga ta a gabansa a daren da za ku zauna, ka mayar masa da ita cif, ka gaya masa lokacin da kake son ganinsa a gida gobe.